Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Ɗalibai Ta Al'adu Ko Ta Asali A Jami'a, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yi ta zuwa daga ɗalibai, kuma kusan kullum da siga ɗaya: "Mu 'yan kaɗan ne a jami'armu, harshenmu ɗaya, ko ƙasarmu ɗaya, ko addininmu ɗaya, muna son mu haɗa kai a ƙungiya, ta ina za mu faro?" Wasu kuma ba ta al'umma ɗaya suke nema ba, suna son wadda za ta tara ɗalibai daga al'adu iri-iri. Akwai masu tambaya a madadin ɗalibai masu buƙata ta musamman, da mata a sashen da maza suka rinjaya, da waɗanda su ne farkon shiga jami'a a gidansu. Hanyar kafawa kusan ɗaya ce ga duk waɗannan, shi ya sa na tattara ta wuri guda.

Ku riƙe abu ɗaya tun yanzu. Ba kasafai rashin kishi ke kashe irin wannan ƙungiya ba, kishi kam akwai shi. Abin da ke kashe ta shi ne ranar da waɗanda suka kafa ta suka kammala karatu, suka tafi da takardu da kalmomin sirri da sanin wa ake gani a wane ofishi. Ɗalibi baƙo ne na shekara uku ko huɗu. Don haka kowane mataki a nan na tsara shi ne da tunanin waɗanda za su zo bayanku. Ku bi jerin yadda yake, kada ku tsallake zuwa buga fosta alhali ba ku karanta dokar makaranta ba.

Mataki na 1: Ku bincika ko da ma akwai ta

Ku fara da jerin ƙungiyoyin da jami'a ta yi wa rajista. Ana samunsa a shafin intanet na makaranta, ko a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko wurin babbar ƙungiyar ɗalibai ta jami'ar. Kada ku tsaya ga jerin bana, ku roƙi ma'aikacin ofishin ya duba muku na shekarun baya. Sau da yawa za ku tarar an taɓa kafa irin taku, ta yi barci ne kawai don ba a sabunta rajistarta ba. Farfaɗo da tsohuwa ya fi kafa sabuwa sauƙi. Kundin tsarin mulkinta yana nan a fayil, an san sunanta, wataƙila ma akwai ragowar kuɗi a asusunta, ga tsofaffin mambobi da za su yi murnar jin ta dawo.

Sannan ku duba ko akwai uwar ƙungiya ta ƙasa ko ta duniya da za ku zama reshenta. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Amurka da Kanada, wadda aka kafa a 1963 a Jami'ar Illinois, tana da rassa a jami'o'i da yawa. Haka NSBE, ta baƙaƙen fata masu karatun injiniya, da ta faro a Jami'ar Purdue a 1975, da ESN da ke tarbar ɗalibai baƙi a Turai tun 1989. Zama reshe yana ba ku samfurin kundi, da horo, da sunan da hukumar makaranta ta riga ta sani.

*Hattara:* in kun tarar da mai rai, shugabanninta ne kawai ba su yi muku ba, to ku shiga ku tsaya zaɓe. Ofishin rajista ba ya son ƙungiyoyi biyu masu manufa ɗaya, kuma raba 'yan tsirarun ɗalibai gida biyu ba zai amfani kowa ba.

Mataki na 2: Ku fayyace buƙatar

Ku zauna ku amsa wannan: me ƙungiyar za ta yi wa ɗalibi wanda ba ya samu a yanzu? "Haɗin kai" bai isa amsa ba, haka ma "raya al'ada". Amsa mai kyau tana da abin da ido zai gani. Sabon ɗalibi ya sami mai tarbarsa, ya nuna masa yadda ake rajistar darussa da neman ɗakin kwana. A samu wurin ibada. A buɗe ajin harshe ga waɗanda suka tashi ba su ƙware a harshen iyayensu ba. A kai koke kan ajin da keken guragu ba ya iya shiga.

Ƙungiyoyin da suka yi suna da irin wannan suka fara. Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, da Ladipo Solanke da Herbert Bankole-Bright suka kafa a Landan a 1925, ɗaya daga manyan damuwarta ita ce masauki, don masu gidajen haya na ƙin karɓar 'yan Afirka. A 1933 ta buɗe nata gidan kwana. Buƙata ce da kowane mamba ke jin ta a jikinsa.

Kada ku amsa wa mutane da bakinku. Ku tambayi ɗalibai goma sha biyar zuwa ashirin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba abokanku ba, musamman 'yan aji ɗaya. Daga nan ku rubuta manufa da ba ta wuce jimla biyu ba. In ta ƙi taƙaituwa, ba ku gama tunani ba tukuna.

Mataki na 3: Ku karanta dokar jami'arku

Ku nemi littafin ƙa'idojin ɗalibai da takardar sharuɗɗan rajistar ƙungiyoyi, ku karanta da alƙalami a hannu. Abubuwan da za ku fitar: wa ke yin rajistar, a wane lokaci na shekara ake buɗe ta, mambobi nawa ake nema, ko sai da malami mai ba da shawara, ko ana duba sakamakon jarrabawar shugabanni, da kuma irin ƙungiyoyin da aka hana. Ba ko'ina abin yake ɗaya ba. A Amurka yawanci ofishin harkokin ɗalibai ne ke rajista, a Ingila kuwa babbar ƙungiyar ɗalibai ce. Adadin sunayen da ake nema ma ya bambanta, wani wurin goma, wani wurin ashirin ko fiye.

*Hattara:* jami'o'i da dama sau ɗaya ko sau biyu kawai suke buɗe rajista a shekara. In wa'adin ya wuce ku, sai wani zangon. Ku rubuta ranar rufewa, ku ƙirga aikinku da baya daga ita.

Mataki na 4: Ku tara ginshiƙai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi mutum biyar zuwa bakwai da za su yi riƙon ƙwarya har zuwa zaɓen farko. Aƙalla a samu shugaba, da sakatare, da ma'aji, da mai kula da taruka, da mai yaɗa labarai.

Abin da ya fi sunan kujeru muhimmanci shi ne yadda kuka gauraya. Kada duka ku zama 'yan ajin ƙarshe, a samu aƙalla biyu da ke da sauran shekara biyu ko uku a makaranta. Kada duka ku fito daga sashe ɗaya, don jarrabawa za ta kwantar da ku lokaci guda. A samu maza da mata. In kuma al'ummarku na da rabe-rabe a cikinta, na karin harshe ko na yanki ko na mazhaba, ku tabbata an ga fuskar kowane ɓangare tun ranar farko. Ƙungiyar da abokai biyar daga yanki ɗaya suka kafa, da wuya ta wanke kanta daga zargin cewa tasu ce su kaɗai.

Mataki na 5: Ku yanke shawara kan wa zai shiga

A nan ne aka fi samun zafin muhawara, kuma ya kamata a gama ta kafin a rubuta kundi. Wasu za su ce: mun kafa ta ne don mu sami wurin da za mu sake, mu yi magana ba tare da yi wa kowa dogon bayani ba, in an buɗe wa kowa ina amfanin? Wannan damuwa ce ta gaskiya, kada a raina ta. Wanda ya wuni shi kaɗai ne irinsa a aji ya cancanci wurin da zai huta.

Amma akwai doka. Galibin jami'o'i suna sharɗanta cewa duk ƙungiyar da ke amfani da ɗakunansu da kuɗinsu ta buɗe ƙofa ga kowane ɗalibi. A Amurka, sashe na shida na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya hana nuna bambanci kan launin fata ko asalin ƙasa a duk shirin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya. A 2010 kuma Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta amince wa kwalejin shari'a ta Hastings da ke Kalifoniya ta tilasta wa duk ƙungiyar da ta yi wa rajista karɓar kowane ɗalibi, bayan wata ƙungiyar ɗalibai Kirista ta kai ƙara. Daga baya wasu jihohi sun yi dokokin da suka bar ƙungiyoyin addini su zaɓi shugabanninsu bisa aƙida. Kun ga dalilin da ya sa mataki na 3 ya riga wannan.

Shawarata ita ce ku buɗe ƙofa, ko da doka ba ta tilasta muku ba, sannan ku kare manufarku ta hanyoyin da ba sa korar kowa. Ku rubuta cewa mamba shi ne duk ɗalibin da ya yarda da manufar ƙungiya. Ku sa sharaɗin cewa ba mai jefa ƙuri'a ko tsayawa takara sai wanda ya halarci wani adadi na taruka a zangon, kuma sharaɗin ya hau kan kowa. Wannan ne ke hana wasu su kwararo ranar zaɓe su ƙwace ƙungiyar. Sannan ku tsara ayyuka iri biyu: na cikin gida, kamar zaman tattauna matsaloli da ajin harshe, da na fili da ake gayyatar duk makaranta. Masu zuwa na farkon yawanci masu buƙatarsa ne, ba sai an tsayar da mai gadi ba.

*Hattara:* kada ku taɓa auna wa ya fi wani asali. Wanda uwarsa kaɗai ce 'yar al'ummar, da wanda aka haifa a wata ƙasa, da wanda harshen ya ɗan kuɓuce masa, su ne suka fi kowa buƙatar ƙungiyar. In aka yi wa ɗaya daga cikinsu dariya don ya furta kalma ba daidai ba, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa irinsa.

Mataki na 6: Ku rubuta kundin tsarin mulki

Ku fara neman samfuri daga ofishin rajista, yawancinsu suna da shi, har da jimlolin da dole sai sun fito kalma da kalma, kamar ta haramta nuna bambanci da ta haramta cin zarafin sabbin mambobi. Shafi uku zuwa biyar sun wadatar. Dogon kundi ba mai karanta shi.

Ya ƙunshi suna da manufa, da sharaɗin zama mamba, da kujeru da aikin kowace, da tsawon wa'adi, da yadda ake zaɓe, da yadda ake riƙe kuɗi, da yadda ake gyara kundin kansa. Waɗannan kowa na tunawa da su. Waɗanda ake mantawa, kuma su ne ake nema ranar rikici, ga su:

Adadin mahalartan da ke halatta yanke shawara. In ba a rubuta ba, mutum huɗu za su iya zama su sauya komai.

Yadda ake tsige shugaba: wa ke kawo ƙorafi, kwana nawa ake ba wanda ake zargi ya kare kansa, da rinjayen da ake buƙata. Kashi biyu cikin uku shi aka saba sa wa.

Abin da za a yi in kujera ta zama ba kowa a tsakiyar zango, don ɗalibai na tafiya aikin koyon sana'a, wasu na jingine karatu.

Wa ke da izinin magana da sunan ƙungiya, da yadda ake amincewa da sanarwa kafin ta fita.

Inda kuɗi da kaya za su koma in ƙungiyar ta rushe.

Game da suna, ku zaɓi wanda ke faɗin abin da kuke, kuma wanda ba zai kore rabin mutanenku ba. Ku kula, jami'o'i da yawa suna da ƙa'ida kan amfani da sunansu da tambarinsu, kada ku buga riguna kafin ku tambaya. In kuna son kundin a harshenku, madalla, ku rubuta, amma ku fayyace wane kwafi ne ake komawa gare shi in fassara ta saɓa.

Mataki na 7: Ku nemi malami mai ba da shawara

Kuskuren da aka saba yi shi ne neman babban farfesa don sunansa. Wanda kuke buƙata shi ne mai amsa saƙo, mai sa hannu a fom cikin kwana biyu, wanda zai daɗe a jami'ar bayan kun tafi. Ba dole ne ya fito daga al'ummarku ba. Ku je masa da manufarku a rubuce da daftarin kundi, ku gaya masa ƙarara abin da kuke nema: zama ɗaya ko biyu a zango, duba kasafin kuɗi, da shiga tsakani in an sami saɓani. Ku bar masa kwafin kowace muhimmiyar takarda. Shi ne zai tuna wa na baya abin da aka yi.

*Hattara:* mai ba da shawara ba shugaba ba ne. In ya fara zaɓar muku 'yan takara ko riƙe muku kuɗi a wurinsa, ku koma ga kundi cikin ladabi.

Mataki na 8: Ku miƙa takardun rajista

Yawanci za a nemi fom ɗin rajista, da kundi, da sunayen mambobi da lambobin shaidarsu na ɗalibai, da sunayen shugabanni, da takardar amincewar malami, wani lokaci da tsarin ayyukan shekara. Ku ajiye kwafin komai, ku nemi shaidar cewa an karɓa. Wasu wuraren za a kira ku gaban kwamiti, kuma tambayar da ba ta wuce su ita ce: me ya bambanta ku da wadda ke akwai? Ku shirya amsarta. In akwai horon dole ga shugaba da ma'aji, ku halarta da wuri, don ba a sakin kuɗi sai an yi shi.

In an ƙi ku, ku nemi dalili a rubuce da hanyar ɗaukaka ƙara. Galibi gyara ne kaɗan a kundi. A jami'o'in gwamnati na Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1972 kan wata kwaleji a jihar Connecticut, hukumar makaranta ba ta da ikon hana rajista don kawai ra'ayin ƙungiya bai yi mata ba, kodayake tana iya neman a bi ƙa'idojin harabarta.

*Hattara:* kafin rajista ta fito, kada ku karɓi kuɗin kowa, kada ku kama ɗakin taro da sunan ƙungiya.

Mataki na 9: Kuɗi

Kafawar kanta ba ta cika cin kuɗi ba, don a wurare da yawa rajista da ɗakunan taro kyauta ne ga ƙungiya mai rajista. Inda kuɗi ke tafiya shi ne buga takardu da allon suna, da abin taɓawa a taruka, da hayar lasifika da fitilu, da sufuri da masaukin baƙon da aka gayyato, da kuma kuɗin masu tsaro da masu shara a babban taro. Waɗannan biyun na ƙarshe su aka fi mantawa. Ku rubuta kasafin zango guda, ku ƙara kamar kashi goma cikin ɗari don abin da ba a zata ba.

Hanyoyin samu huɗu ne: tallafin jami'a ko na babbar ƙungiyar ɗalibai, da kuɗin mamba, da tikitin taro, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da masu ɗaukar nauyi. Tallafin jami'a yana da nasa wa'adin nema, sau da yawa zango guda kafin lokacin kashewa. Kuma a wurare da dama ba a ba ku kuɗin a hannu, sai kun kashe kun kawo rasit a mayar muku, bisa sharaɗin an amince da sayayyar tun farko. Ɗalibin da ya kashe nasa ba tare da amincewa ba yana iya rasa shi gaba ɗaya. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2000 kan Jami'ar Wisconsin ya ce kuɗin ayyukan da ake karɓa daga ɗalibai dole a raba shi ba tare da fifita wani ra'ayi ba, saboda haka ku nema ba tare da jin kamar alfarma ake muku ba.

Kuɗin mamba ya zama kaɗan, kuma a bar hanyar yafe wa wanda ba shi da hali cikin sirri, ma'aji kaɗai ya sani.

Ƙa'idoji uku ba a sassauta su. Kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusun mutum, ko wane ne shi. Ba a fitar da komai sai da sa hannun mutum biyu. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban mambobi aƙalla sau ɗaya a zango, da rasit a hannu. Ba don ana zargin kowa ba ne. A ƙaramar al'umma inda kowa ya san kowa, jita-jitar kuɗi tana bin mutum har bayan makaranta, kuma rubutu ne ke kare mai gaskiya.

*Hattara:* kada ku dogara da ofishi ɗaya. Da dokar jihar Texas ta fara aiki a Janairun 2024, an rufe ofisoshin kula da bambancin al'umma a jami'o'in gwamnatin jihar. Dokar ba ta hana ƙungiyoyin ɗalibai masu rajista ba, amma waɗanda duk kuɗinsu da wurin zamansu suka rataya a kan waɗannan ofisoshi sun sha wahala. Ku kuma yi tunani sosai kafin karɓar kuɗin jam'iyya, ko ɗan siyasa, ko ofishin jakadanci. Ku tambaya tun farko me ake jira daga gare ku, don a cikin mambobinku akwai masu goyon baya da masu adawa.

Mataki na 10: Neman mambobi da taron farko

Makon maraba da sabbin ɗalibai shi ne damarku mafi girma a shekara. Ku nemi tebur a baje kolin ƙungiyoyi, ku tsaya a gabansa, kada ku zauna a baya kuna hira da juna. Duk wanda ya rubuta suna, a aika masa saƙo cikin kwana biyu, da rana da wurin taron farko. In aka yi mako biyu shiru, ya riga ya sami wani wurin.

Taron farko kada ya wuce awa ɗaya. Gajeren bayani, gabatar da juna, sai a tambayi mutane abin da suke so, a tashi da sanar da ranar taro na gaba. Ku sa mutum biyu a ƙofa, aikinsu kawai su lura da wanda ya zo shi kaɗai. In za a yi magana da harshenku, a samu mai taƙaitawa ga wanda ba ya ji sosai. Ku zaɓi ɗakin da mai keken guragu zai iya shiga, da lokacin da bai ci karo da darasi ko ibada ba.

Ku buɗe imel na ƙungiya, da shi za ku buɗe Instagram ko Facebook da ma'ajiyar takardu irin Google Drive. Zauren WhatsApp ya zama da masu kula aƙalla uku.

*Hattara:* jerin sunayenku yana nuna addinin mutum ko asalinsa ko lalurarsa. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta sa irin waɗannan cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Ko ina kuke, ku karɓi abin da kuke buƙata kawai, kada ku miƙa wa mai ɗaukar nauyi jerin, kuma kada ku wallafa hoton kowa sai da yardarsa.

Mataki na 11: Babban taron al'adu da haɗa kai da wasu

Kada ku fara da shi. Ku yi ƙananan taruka na zango guda tukuna, ku san waɗanda in sun ce za su zo suna zuwa. In lokacin ya yi, ku fara shiri wata biyu zuwa uku kafin ranar, da wannan jerin: kama ɗaki, sannan amincewar kasafi, sannan izinin baƙi daga waje da na tsaro, sai talla a ƙarshe. Ku duba kalandar jarrabawa da ta bukukuwan addinai. In za a raba abinci, ku tambayi ƙa'idar jami'a, don wasu ba sa yarda da dafaffe daga gida, kuma a rubuta abin da ke cikin kowane kwano saboda masu lalura. In za a nuna fim ga jama'a, ana buƙatar lasisinsa. Kuma kada ɗalibi ya sa hannu a kwangila da mawaƙi ko kamfani da sunan jami'a, ofishin ne ke yin wannan.

Ina roƙonku kada taron ya tsaya ga tufafi da rawa. Suna da kyau, amma in su kaɗai aka nuna, baƙo zai tafa ya tafi bai san ku ba. A saka waƙa da fassararta, da labarin wani mamba daga bakinsa, da lokacin tambaya da amsa.

Haɗin gwiwa da wasu ƙungiyoyi ya fi gayyatar su kallo. Masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya bayyana a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne in ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, suna aiki tare, kuma hukuma na mara musu baya. A aikace, ku tsara abin tare tun daga farko, ku raba aiki da kuɗi a rubuce, sunayen ƙungiyoyin su fito da girma ɗaya a fosta. Aikin taimakon jama'a ko gasar wasanni da aka gauraya 'yan wasa ya fi zaman jawabai haɗa mutane.

*Hattara:* rikicin da ke faruwa a ƙasar asali zai shigo zaurenku na WhatsApp, ko ba jima ko ba daɗe. Ku amince tun da sauran lafiya kan ko ƙungiya na fitar da sanarwar siyasa, da wa ke amincewa da ita. Abin da ya kai ga barazana ko cin zarafi kuma ba na sasantawa a cikin gida ba ne, a kai shi ofishin da jami'a ta ware.

Mataki na 12: Zaɓe da miƙa ragama

Ku yi zaɓe wata biyu kafin ƙarshen shekarar karatu, ba a makon jarrabawa ba, don sabbi da tsofaffi su yi aiki tare na ɗan lokaci. Waɗanda ba sa takara su gudanar da shi, ƙuri'a ta zama ta sirri, a ƙirga a gaban wakilan 'yan takara. Tun farkon shekara kowane mai kujera ya jawo ɗalibin da ke aji ɗaya ko aji biyu yana koya masa aiki, in ba haka ba ranar zaɓe za ku rasa mai tsayawa.

Kowane mai barin gado ya rubuta shafi ɗaya ko biyu: abin da yake yi wata-wata, wa ake gani a wane ofishi, abin da ya yi kyau, da abin da ba za a maimaita ba. A haɗa da kundi, da rubutattun bayanan taruka, da kasafi da rasit, da jerin kayan ƙungiya da inda suke, da lambobin tsofaffin ɗalibai da masu ɗaukar nauyi.

A zaman miƙawa, a gaban malami mai ba da shawara, a sauya masu sa hannu a asusu, a sauya kalmomin sirri, a cire lambar wayar tsohon shugaba daga hanyar dawo da imel a sa ta sabo, a ba sabbi ikon kula da zauren WhatsApp da sauran shafuka. Daga nan a aika wa ofishin harkokin ɗalibai sunayen sabbin shugabanni, a cika fom ɗin sabunta rajista na shekara mai zuwa kafin a tafi hutu, sabon sakatare ya ajiye shaidar karɓa a ma'ajiyar ƙungiya.